Abin da iyaye suka ce kan yi wa yara 'yan ƙwallo magana

Jiya bayan tirenin ɗin yaran makarantarmu mun zauna da koci da wasu iyaye a gindin darbejiya, hira ta kai mu kan yadda bakin uba ko uwa ke karya wa yaro gwiwa. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya yarda wajen da aka fi ɓata abu shi ne hanyar komawa gida in an ci su. Yaro na bayan mashin, ƙafa duk ƙura, ko ruwa bai sha ba, kai kuma ka fara "ya aka yi ka zubar da fenariti, ɗan wane fa biyu ya ci", to wallahi gobe ƙwallo na zuwa ƙafarsa zai yi maza ya rabu da ita don tsoron kuskure. Koci ya ce a bar yaron ya ci abinci ya huce tukuna, shi da kansa zai kawo zancen.

Wata uwa ta kawo maganar ihu daga bakin fili, koci na cewa ba da fasin, baba na cewa buga, yaro ya rasa ta wa zai bi. Ni ma ina yi, gaskiya na ji kunya.

Sai "kai ne Ahmed Musan gidanmu, kai za ka kai mu Turai". Wasa ake yi amma ɗan shekara 12 kamar bashi yake ɗaukarta. Gara ka yabi abin da idonka ya gani, kamar yadda ya koma da gudu ya ƙwato ƙwallo.

Inda aka kasa daidaitawa shi ne hana tirenin in jarabawa ba ta yi kyau ba, wasu sun ce dole a hana, koci ya ce a dai rage kwanaki.