Idan kwamfuta ta ƙi ɗaukar murya

Jiya bayan Isha'i a unguwar Nima ta birnin Accra, samarin da ke naɗar karatun malamai suka zauna kan wannan matsala. Abin da suka fi nanatawa: duba ramin da ake soka wayar makirufo a jikin kwamfuta tukuna. Mai ruwan hoda na makirufo ne, kore na lasifika, kuma nan da yawa ke tuntuɓe. In ramin gaba ya ƙi, gwada na baya. Sannan a saitin Windows a ba da izinin makirufo, a zaɓe shi cikin Audacity, manhajar naɗar murya.

Gurnanin nan "huuu" da ke ci min tuwo a ƙwarya a cikin muryar da aka naɗa kuwa, yawanci daga lantarki yake, mai bugu sau 50 a sakan ɗaya a Gana. A raba wayar makirufo da ta wuta, a kira mai gyaran wuta ya duba soket.