Karatu da tsaron shago sun haɗe min, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a jami'a, kwas tara nake ɗauka, kuma saura mako uku a fara jarrabawa. Lakca daga ƙarfe 8 na safe har 4 na yamma, daga nan in wuce shagon yayana in tsare masa har bayan isha'i, don da abin da yake ba ni nake biyan kuɗin mota. In na dawo ɗaki na buɗe littafi, ko shafi biyu ba na kaiwa, sai dai in farka da asuba da biro a hannu.

Na gwada tsarin nan na karatun minti 25, hutun minti 5. Hutun ne ke kashe ni: da na leƙa WhatsApp shi ke nan, awa guda ta tafi. Karatun kwana kuwa, gyangyaɗi ya sa ni a gaban malami, har ajin ya kwashe da dariya.

Waɗanda suka taɓa haɗa karatu da neman na kai, yaya kuka yi? In haƙura da barcin bayan asuba ne, ko in roƙi Yaya ya rage min kwanaki? Wallahi nauyinsa nake ji.