Shin ana iya kai ƙarar jami'ar gwamnati a Amurka?

Ɗalibin Lauya: Malamai, me ya sa jami'o'in jihohi a Amurka suke kuɓuta daga ƙarar neman diyya a kotunan tarayya?

Malam Tsoho: Ɗana, ana ɗaukar su a matsayin wani ɓangare na jiha, kuma gyara na 11 ga tsarin mulki, na shekarar 1795, ya ba jihohi kariya. Da wannan hujjar Kotun Ƙoli ta hana ma'aikata masu naƙasa karɓar diyya daga Jami'ar Alabama a 2001.

Hajiya Lauya: Malam, kariyar tana da iyaka. Tun 1908 an halatta neman kotu ta hana jami'in jiha ci gaba da karya dokar tarayya, ko da yake kuɗin diyya ba ya cikin lissafi.