Masu tsima kayan cikin kifi a Kano, ya kuka ga abin?

Mai gyaran kifi a Galadima: Assalamu alaikum. Kullum muna tashi da bokitai cike da kai da hanji da ƙaya na tarwaɗa da karfasa, sai mun biya yaro ya kwashe. Na ji ana tsima su su zama taki. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ya ba mu labari, ban da ji-ta-ji-ta don Allah.

Mai lambu a Kwakwaci: Wa alaikumus salam. Ina yi, Malam. Kilo ɗaya na kayan ciki, kilo ɗaya na mazarƙwaila. Ka daddatsa kifin, ka jera a robar fenti mai murfi, kifi, mazarƙwaila, kifi, mazarƙwaila, ka rufe saman da ita sosai. Kada ka cika robar, kada kuma ka danne murfin gam, don iska na taruwa. Da zafin Afrilu yakan narke wajen wata biyu, da hunturu kuwa sai ka yi haƙuri. Ina zuba murfin gora ɗaya a bokitin ban ruwa. Latas da alayyafo sun fi nuna shi, ganye ya yi shar. Tumatir in ya fara fure ina ragewa, in ba haka ba ganye zai yi ta yi.

Maman 'yan biyu, Dorayi: Ni tambayata wari. Gidan haya nake.

Mai lambu a Kwakwaci: Hajiya, satin farko akwai ƙarni, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya tsami-tsami yake yi da ɗan zaƙi. In kika ji ɗoyin mushe, ya lalace, a haƙa rami a binne.

Malamin kimiyya, Gwale: Abin da ke faruwa a robar shi ne abin da ke mayar da madara kindirmo. Bakteriya masu tsami suna cin sukarin, suna fitar da asid, asid ɗin ya hana masu ruɓarwa sakat. Sinadaran narkar da abinci da ke cikin hanjin kifin su ke narkar da tsokar, shi ya sa nake cewa kada a ware hanjin. Ni nakan ƙara ruwan tsamin nono kofi guda, tsamin ya kama da wuri, kuma da shi ba sai an kai sukari ɗaya bisa ɗaya ba, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyin kifin yana isa. Sharaɗi dai kifin ya zama na ranar. Wanda ya kwana a rana ya fara ruɓa, mazarƙwailar duniya ba za ta dawo da shi ba. Kuma a guji garwar ƙarfe, asid na cin ta.

Mai kaji a Hotoro: Ni ba taki nake yi ba. Ina kwashe man da ya taso sama, in kwaɓa sauran da dusar masara, in shanya. Kaji na rububinsa. Amma kaɗan nake sawa a abincin masu ƙwai, in ya yi yawa ƙarnin na fita a ƙwan, mai shayi zai dawo maka da kiret ɗinka.

Mai gyaran kifi a Galadima: To Malam na Gwale, in na zuba wa tarwaɗar kandamin ƙanena fa?

Malamin kimiyya, Gwale: Ban ba ka shawarar ciyar da tarwaɗa da ragowar tarwaɗa ba, Alhaji, saboda cuta. Ka ba kaji ko shuka.

Maman 'yan biyu, Dorayi: Alhaji, in na zo da robata da safe za a ba ni kilo biyu in gwada a kan zogalena?

Mai gyaran kifi a Galadima: Ki zo kafin azahar, Hajiya, kyauta ne.