Me ya sa PCR ke ƙirga HIV da yawa amma QVOA ke samun kaɗan?

Binta: Assalamu alaikum. Majinyaci ya daɗe kan magani, ƙwayar ba ta fitowa a gwajin jini. PCR, gwajin da ke neman DNA ɗin ƙwayar, ya ƙirga ɗaruruwan kwafin DNA na HIV cikin tantanin CD4 (tantanin garkuwar jiki da HIV ke shiga) miliyan ɗaya. QVOA kuwa, wanda ke tayar da tantanin a ga ko ƙwaya za ta fito, bai wuce ɗaya ba. Wane gwajin ne ya kauce?

Dokta Sani: Wa alaikis salam, Malama Binta. Babu wanda ya kauce, abubuwa biyu daban suke aunawa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kwafin da suka shige DNA na tantani gurgu ne, ba sa iya haifar da sabuwar ƙwaya.

Tushen matsalar enzayim ɗin RT ne, wanda ke kwafar RNA ɗin ƙwayar ya mayar da shi DNA. Ba ya komawa ya gyara abin da ya kwafa, kuma yana tsallake daga ɗaya zaren RNA zuwa ɗayan. Idan ya sauka ba daidai ba, sai dubban haruffa su ɓace cikin kusan 9,700 da ƙwayar ke da su. Ga kuma enzayim ɗin APOBEC3G na jikin mutum, mai juya harafin G zuwa A a DNA ɗin ƙwayar. Inda aka rubuta TGG sai ya koma TAG, wato alamar tsayawa, furotin ya yanke a tsakiya. Vif, wani furotin na HIV, shi ke kare ƙwayar daga wannan, amma ba kullum yake cin nasara ba. PCR ɗinki ɗan guntun gag ko LTR, wasu sassa na DNA ɗin ƙwayar, kawai yake dubawa, saboda haka gurgu da lafiyayye duk ɗaya ne a wurinsa.

Malam Auwal: Gaskiya ne, Dokta, sai dai QVOA ma yana rage lissafi. Akwai lafiyayyun kwafi da ba sa farkawa a tayarwar farko. Shi ya sa aka fito da IPDA, wani nau'in PCR mai ƙirga lafiyayyun kwafi, a 2019: ana rarraba DNA cikin ɗigo kusan 20,000, a nemi wuri biyu a lokaci guda, alamar psi da RRE na env, sassa biyu na DNA ɗin HIV masu nisa da juna. Ɗigon da ya nuna biyun shi ake ɗauka lafiyayye.

IPDA ma yana da matsala biyu. Idan DNA ya kakkarye wajen hakowa, lafiyayye zai fito kamar gurgu biyu, dole a gyara lissafin da RPP30, wani sashe na DNA ɗin mutum da ke nuna yawan kakkaryewar. Sannan an tsara firamomin, wato gajerun zaren DNA da ke kama wurin da ake nema, a kan nau'in B na HIV ne, wani nau'in yana iya ƙin kamawa, sakamako ya fito sifili alhali ƙwayar na nan.

Binta: To gurgun ba su da illa ke nan?

Dokta Sani: A'a. Wasunsu suna fitar da RNA da furotin, garkuwar jiki ta yi ta fama da su. Kuma tantanin da ke ɗauke da su yana rabuwa ya yawaita. Idan da tantanin 8E5, wanda ake renonsa a ɗakin gwaji a matsayin ma'auni, kike daidaita PCR, ki sani kwafin HIV ɗinsa ɗaya ne tal, shi ma gurgu ne a pol, sashen da ke samar da RT, kuma yana ɓacewa idan an daɗe ana renonsa. Ki auna shi kafin ki dogara da shi.