Ƙoramu biyu, tudu ɗaya, kowace ta kama gabanta

Bakatsine: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙauyenmu yana kudancin Katsina, dab da iyakar Kano. Bayan gidanmu akwai wani tudu mai jan tsakuwa inda muke kiwon awaki tun muna yara. In aka tafka ruwa da damina, ƙorama ɗaya ta gangara gabas, ɗaya kuma ta yi yamma, tsakaninsu bai kai tafiyar minti goma ba. Kakana yakan ce ruwan nan biyu ba za su sake haɗuwa ba har abada. Da gaske ne, ko zancen tsofaffi ne kawai?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Kakanka ya yi gaskiya, ɗana. Tudunku kamar ƙololuwar rufin kwano yake, ɗigon da ya faɗo nan ya bi nan, wanda ya faɗo can ya bi can. Ta gabas tana zubawa cikin Kogin Chalawa, ta ratsa dam ɗin Ƙaraye, ta haɗu da Kogin Kano, ta wuce Wudil da Haɗeja da Gashuwa, ta zama Kogin Yobe, ƙarshenta Tafkin Chadi, wanda ba ya kai ruwa teku. Ta yamma kuwa Rima za ta nufa, ta bi Sakkwato da Argungu, ta faɗa Kwara, daga nan sai teku.

Mai Fadama: Malam, "ƙarshenta Tafkin Chadi" ɗin nan a takarda ne. Mu nan ƙasan Haɗeja, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 ambaliyar da ke cika mana fadama ta ragu, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan tudunsa da wuya ya wuce gonar shinkafata.

Bakatsine: Ikon Allah! Ashe da ruwan awakinmu kake noma. Amma ta gabas ɗin ta fara ba mu tsoro. Da can ko a watan Maris ka tona yashi kamu biyu sai ruwa ya tsattsafo, mata su cika tulu da ƙoƙo. Yanzu masu tifa sun kwashe yashin, kwazazzabo ya cinye rabin gonar ƙanen babana.

Tsohon Malami: Yashin nan shi ne randar da ke riƙe muku ruwan rani. Ku je wa mai gari tun kafin ruwan fari.