Tumbuɗin jarirai: wanne ne na gida, wanne ne na asibiti?

Malamar awo, Ringim:
Assalamu alaikum. Ranar awo ba ta wucewa sai an kawo jariri an ce duk abin da ya sha sai ya dawo da shi. Kowa ya kawo abin da ya sani a kai, masu jego su amfana.

A ƙarshen bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi akwai tsoka mai kamar zobe, ita ke rufe bakin tumbi. Ta jariri ba ta yi ƙwari ba. Ga abincinsa ruwa zalla, ga shi yini yake a kwance, ga tumbin ɗan mitsitsi. Kusan jarirai 4 cikin 10 suna tumbuɗi. Yakan fara kafin sati 8, ya yi ƙamari wajen wata 4, ya lafa in yaro ya fara zama. 9 cikin 10 sun daina kafin shekara.

Tumbuɗi daban, amai daban. Tumbuɗi gangarowa yake ta gefen baki ba yunƙuri, amai kuwa sai ciki ya murɗa. Kuma abin da ake gani a zani yana ruɗar uwa: a zuba nono cokali biyu a kan zani a ga faɗin da zai yi. Sikeli ne ke raba gardama. In a wata uku na farko yana ƙara giram 150 zuwa 200 a sati, yana fitsari aƙalla sau 6 a rana, to wanki ne kawai ya ƙaru wa uwarsa.

Ungozoma, Ɗambatta:
Wa alaikumus salam. Malama, bari in ɗora ta wajen shayarwa. Ana barin yaro sai ya yi kuka ya galabaita kafin a ba shi, sai ya kama da haɗama ya haɗiyi iska. In iskar za ta fito, da nonon take fitowa. A ba shi tun yana tsotsar hannu yana juya kai. Ya buɗe baki sosai, ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan nono, haɓarsa ta taɓa nonon. In ana jin "cak-cak", iska ke shiga. A sa ɗan yatsa a gefen bakinsa a zare, a sake kama masa. Kansa ya fi cikinsa tudu.

Wadda nononta ke tsartuwa har yaro ya ƙware, ta tatse kaɗan a kofi tukuna, ta kishingiɗa ta ba shi. Ya gama da ɗaya kafin a juya shi, a tsakani a sa shi gyatsa: a ɗora shi a kafaɗa ana shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama. In ya ƙoshi a riƙe shi a miƙe minti 20 zuwa 30. Ba rawa, ba cilla shi sama. Wanka da miƙar gaɓoɓi a yi su kafin shan nono.

Kada a ce nono ya lalace a yaye shi, nonon lafiyarsa ƙalau. Kuma ba ruwa har wata 6, ko da a zafin bazara ne. Ruwan cike tumbin yake, ya ƙara tumbuɗin, ya tare wa nono wuri.

Wata kaka, Ɓaɓura:
'Ya'yana, ku ƙara da goyo. Yarinya za ta ba da nono, nan take ta sungumi yaro ta goya, ta tamke majanyi a daidai cikinsa, ta sunkuya shara ko ta kama daka. Ai dole ya dawo da shi. Ta ɗan jira, kuma ɗaurin ya zama a ƙarƙashin ɗuwawunsa, ba a cikinsa ba. Haka hawa babur a hanya mai gargada da cikakken ciki.

Amma ina da tambaya. Mu rub da ciki muka saba kwantar da mai tumbuɗi, don kada ya shaƙe. Yanzu an ce a'a?

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara, Dutse:
Inna, tsoronki a kan hanya yake, amma rigingine za a kwantar da shi. Hanyar numfashi tana gaba ne, ta abinci tana bayanta. In yana rigingine, abin da ya dawo sai ya taru a ƙasa ya koma ta hanyar abinci. In yana rub da ciki, abin da ya dawo wajen bakin hanyar numfashi yake gangarawa, ga haɗarin hancinsa ya nutse a katifa numfashi ya tsaya cikin barci. Shimfiɗa ta zama shafaffa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tara zannuwa a ƙarƙashin kai, domin zamewa yake wuyansa ya lanƙwashe. Rub da ciki sai idonsa biyu, wani na kallonsa.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida, sai asibiti. Amai kore ko ruwan ɗorawa mai kore-kore, alamar hanji ya toshe ke nan. Jini a amai ko a kashi. Ciki ya kumbura. Zazzaɓi, musamman ga wanda bai kai wata 3 ba. Maɗiga ta kumbura ko ta faɗa. Yaro ya yi laushi ya ƙi kama nono. Numfashi da sauri, awazu na shiga ciki.

Akwai wanda nake so kowa ya riƙe. Jaririn sati 2 zuwa 8, galibi namiji, da ke feso amai da ƙarfi har ya tsallake cinyar uwa bayan kowane sha, sannan ya sake neman nono da yunwa, yana ramewa, fitsari na raguwa. Wannan ba tumbuɗi ba ne. Tsokar mafitar tumbi ce ta yi kauri ta tare hanya. Da sikanin ake ganewa, a fara da ƙarin ruwa, sannan ƙaramar tiyata, kuma suna warkewa sarai. Ba jiƙo ko rubutun da zai buɗe ta. A je babban asibiti mafi kusa, su tura Asibitin Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a nan Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu. Wanda ya fara tumbuɗi bayan wata 6, ko ya wuce shekara bai daina ba, shi ma likita ya gan shi.

Mai kemis, Gumel:
Hajiya, Allah ya saka. Ni roƙona a kan magani ne. Ana zuwa neman "maganin amai" wa ɗan wata biyu. Phenergan ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2, yana danne numfashi. Metoclopramide ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1, yana sanƙarar da wuya ido ya kafe, a ɗauka iskokai ne. Ranitidine, maganin ƙwannafi, an janye shi daga kasuwa tun 2020. Farin maganin ulsa na manya da kanwa duk ba na jariri ba ne, zuma ma sai ya cika shekara.

Yaron da abin ke ƙona shi da gaske, yana bankarewa yana tsala kuka a kan nono, yana ƙin sha, nauyi ya tsaya, shi likita kan gwada wa Gaviscon na jarirai sati 1 zuwa 2, ko omeprazole na sati 4 gwargwadon nauyinsa. Omeprazole zafin yake ragewa, ba ya hana dawowar nonon. Gaviscon kuma a dakata da shi in akwai gudawa ko zazzaɓi.

Ungozoma, Ɗambatta:
Na manta da marayu masu shan madarar gwangwani, su ne aka fi cika wa ciki. Lissafin shi ne mililita (mil) 150 na madara ga kowane kilo na nauyin yaro a awa 24. Mai kilo 4 ke nan mil 600: a raba sau 10, mil 60-60, maimakon a ɗirka masa 120 lokaci guda. Tafasasshen ruwa ake fara zubawa, sannan gari, cokalin gwangwanin ɗaya a shafe ga kowane mil 30, sai dai in gwangwanin ya faɗi wani abu daban. Kada a faɗaɗa hujin bulunboti a zuba koko. Ɗura kuwa, a toshe hancin yaro a kwarara masa kunu, huhu yake tafiya.

Malamar awo, Ringim:
In tumbuɗin ya haɗu da ƙurajen ƙaiƙayi, gudawa ko ɗigon jini a kashi, wani lokaci madarar shanu ce jikinsa bai karɓa ba, kuma tana bi ta nonon uwa. Bayan an duba shi, uwa kan bar nonon shanu, kindirmo da madarar shayi sati 2 zuwa 4 a ga ko zai canza. In bai canza ba ta koma shan abinta.

Babban yaro mai ƙwannafi kuwa, a ba shi tuwon dare da wuri, awa 2 zuwa 3 kafin ya kwanta, a rage masa yaji, maiƙo da lemon kwalba. Masu jarirai ku riƙa zuwa da katin rigakafi, a auna a rubuta a sati 6, 10 da 14. Mai tumbuɗi sosai a kawo shi sikeli duk bayan sati biyu.